Dokar Daji: Daga Ina Take Fitowa?

Idan manomin Ikara, Makarfi ko Kudan ya ji an ce doka ta hana sare itace, yakan ɗauka daga Abuja maganar ta fito. Alhali sha'anin gandun daji a Nijeriya a hannun jihohi yake. Dokar da ta shafi ɗorawar gonarka, a Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ake yin ta, a zauren Lugard Hall. Majalisar tana da wakilai 34, kuma kowace ɗaya daga ƙananan hukumomin nan uku tana da kujerarta.

Ga yadda ake yi. Gwamna ko ɗan majalisa ya kawo ƙuduri, a yi masa karatu na ɗaya da na biyu, a miƙa shi ga kwamiti. Bayan karatu na uku sai a kai wa gwamna, wanda tsarin mulkin 1999 ya ba shi kwana 30 ya sa hannu. In ya ƙi, kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa suna iya zartar da shi. Sa'an nan aiki ya koma wuyan malaman daji da hukumar kare muhalli ta jiha, KEPA.

To, a zaman kwamiti ne talaka yake da ƙofa, domin a nan ake kiran taron jin ra'ayin jama'a. Abin takaici, galibi mutanen birni ke cika zauren, masu rake da tumatir kuwa suna can fadama.

Alhali su ne abin ya fi shafa. Raken Makarfi da Hunkuyi, da tumatirin Ikara, dukansu da ruwan fadama suke rayuwa. In an sare itatuwan bakin rafi, damina sai ta kwashe ƙasar tudu ta zuba a fadama, rairayi ya binne ta, rijiyar lambu ta ƙafe tun rani bai yi nisa ba. Gawo kuwa, da yake zubar da ganye da damina, ba ya tare wa dawa rana, kuma takinsa kyauta ne. Ɗorawa da kaɗanya, daddawa da man kaɗe ne na mata. Mai yin gawayi yakan kayar da abin da ya yi shekara 30 yana girma cikin wuni ɗaya. Ƙona daji don farautar gafiya ma haka: sau da yawa wutar ba ta tsayawa sai ta ci karan wani.

Amma a faɗi gaskiya, dokar da za ta ce a daina gawayi ba tare da ta tanadi abin da uwargida za ta yi girki da shi ba, a takarda za ta ƙare. Doka mai amfani ita ce wadda ta ambaci itatuwan da ba a taɓawa, ta wajabta dasa madadin wanda aka sare, ta kuma ba dagatai da masu unguwanni hurumin sa ido, tunda su suka san gonar kowa.

Saboda haka, jama'a, ku haɗa ƙungiyoyinku na manoma, ku rubuta buƙatunku, ku kai wa ɗan majalisarku. Ku tambaye shi ranar zaman kwamiti, ku tura wakilai Kaduna.