Yadda Ake Gwada Ƙasa da Ruwan Ƙarƙashinta Kafin a Aza Harsashin Gini

Yawancin filayen da ake sayarwa a gefen biranenmu da rani ake nuna su. Dillali zai kai ka wurin a watan Maris, ƙasa ta bushe ƙayau, ga fili shimfiɗe ba tudu ba kwari, ka duba takarda, ka biya. Amma filin da za ka zauna a kansa shekara arba'in, halinsa na watan Agusta ne ya kamata ka sani. Saboda haka aikin farko ba ya buƙatar injiniya ko na'ura: ka je ka ga filin washegarin ruwa kamar da bakin ƙwarya, ka taka shi da ƙafarka. Ina ruwan yake fitowa, ina yake nufa, a ina yake kwana? Ka dubi gindin katangun maƙwabta. Idan akwai zanen laima da ya hau bango kamu biyu ko uku, ko farin gari mai kama da kanwa yana cin filasta, to ƙasar nan tana shan ruwa daga ƙasa tana tura shi cikin bulo. Idan katangu sun tsage a karkace daga kusurwar taga zuwa ƙasa, alama ce ta harsashin da wani ɓangarensa ya zauna ya bar wani.

Daga nan sai tambaya. Ka gaida mai unguwa, ka nemi dattijon da ya noma wurin kafin a yanka shi filaye. "Baba, da can me ke nan wurin?" Amsar wannan tambaya ta fi takardu da yawa daraja, musamman a filayen awon igiya da ba su bi ta hannun hukumar tsara birni ba. In ya ce maka fadama ce, da shinkafa ake yi, ka ji. In ya ce kududdufi ne aka cike, ka ji da kyau. A Kano da Zariya da Katsina, kududdufai ramuka ne da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu tun zamanin kakanni, ruwan unguwa ya mai da su mazauninsa. Da gari ya cika, sai aka riƙa zuba musu shara shekara da shekaru, a ƙarshe a kawo tifa a rufe da jar ƙasa. Shara tana ruɓewa tana lotsawa a hankali, kuma ba ta lotsawa bai ɗaya. Ruwan da aka ƙwace wa gurbi shi ma bai tafi ko'ina ba, yana nan ƙarƙashi, ko ya koma gidajen maƙwabta. A ganina babu filin da ya fi wannan haɗari ga mai ƙaramin ƙarfi, domin a ido ya fi kowanne kyau.

Mahaƙa rijiyar unguwar su ma malamai ne a wannan fanni. Za su gaya maka a gaba nawa ake tarar da ruwa, da irin ƙasar da suke ratsawa kafin su kai. Ka leƙa rijiyoyin kusa da kanka. Tsirrai ma suna magana: inda kachala ta tsiro ruwa yana kwanciya, goruba kuma ta fi son inda jijiyarta ke samun ruwa ba da nisa ba.

Bayan wannan sai a haƙa ramin gwaji. Ga gidan ƙasa, wato wanda ba bene ba, ana haƙa ramuka uku zuwa biyar, a kusurwoyi da tsakiya, amma ba daidai inda harsashi zai bi ba, kowanne zurfin mita ɗaya da rabi zuwa uku. Kada a bar mutum ya shiga rami mai zurfi a ƙasa mai yashi ba tare da an tokare gefensa da katako ba, don ruftawar rami ba ta sallama. A jikin ramin za ka ga ƙasar hawa-hawa. Sama akwai baƙar ƙasar noma mai saiwoyi, wadda dole a kwashe ta. Ƙarƙashinta abin da ake fata shi ne marmara ko jar ƙasa mai tsakuwa, wadda diga ke ƙara in ta sare ta. In kuwa a mita biyu shebur yana fito da leda, tsumma, fasasshen kwalba da toka mai wari, an gama magana: cikon shara ne, sai an bi shi har inda ƙasar asali ta fara.

Akwai gwajin da hannu ke yi a bakin ramin. Ka ɗebi ƙasa, ka ɗan jiƙa ta, ka murza a tafin hannu. In ta wargaje tana ƙaras-ƙaras, yashi ya fi yawa. In ta miƙe siririya kamar taliya ba ta karye ba, tana manne wa yatsu, yumɓu ne. Ko ka zuba ta a kwalba da ruwa ka girgiza ka ajiye: yashi zai kwanta cikin minti ɗaya, lallausar ƙasa ta bi shi bayan 'yan sa'o'i, yumɓu kuwa ya kwana yana yawo a ruwan. Kaurin kowane hawa zai nuna maka wanda ya rinjaya.

Yumɓu kala-kala ne, kuma mafi wuyar sha'ani shi ne baƙar laka mai kumbura, irin wadda ta shimfiɗu a gabashin Borno wajen Dikwa da Ngala, inda ake kiranta firgi, da kuma yankin Numan a Adamawa. Da damina tana shan ruwa ta kumbura ta ɗaga abin da ke kanta, da rani ta tsuke ta dare har hannu ya shiga tsagar. Ginin da ke kanta yana hawa da sauka duk shekara, kuma gefensa ya fi tsakiyarsa motsi, shi ya sa yake tsagewa. Wanda ya bi hanyoyin wannan yanki ya ga yadda kwalta ke yin tudu da kwari. A irin wannan ƙasa ko dai a kwashe lakar a maye gurbinta da marmara a daddaɓe hawa-hawa, ko a zurfafa harsashi ya wuce inda danshi ke canzawa, ko a zuba faffadan kankare mai rodi da zai ɗauki ginin gaba ɗaya. Kuma ba a dasa darbejiya jikin bango, don saiwarta na tsotse danshin gefe guda.

Kada a rufe ramukan gwajin nan take. A kewaye su saboda yara, a bar su kwana guda, a dawo a ga ko ruwa ya tsattsafo, a auna daga baki zuwa fuskarsa. Wanda ke da haƙuri sai ya sa fayif na roba da aka huhhuda ƙasansa a cikin ramin, a kewaye shi da tsakuwa, a mai da ƙasa, a riƙa zura igiya ana aunawa a ƙarshen rani da kuma ƙarshen Agusta zuwa Satumba. Awon damina shi ne abin dogaro. Ruwan da ya taso kusa da harsashi yana rage ƙarfin ƙasa, a yashi ma yana iya rage abin da take ɗauka da kusan rabi. Yana kuma shafar shadda da sokawe, waɗanda mutane ke mantawa da su sai an gama gini. Ƙa'idar da ma'aikatan tsabta ke bi ita ce gindin masai ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi zuwa biyu sama da ruwan ƙasa, kuma a bar kamar mita 30 tsakaninsa da rijiya. A filin ƙafa 50 da 50 wannan tazara ba ta samuwa, shi ya sa rijiyoyi da yawa a cikin gari ba su shayuwa. Don sanin ko ƙasa za ta shanye ruwan sokawe, a haƙa ɗan rami mai faɗi da zurfin santimita 30 a gindin inda za a yi shi, a cika shi da ruwa ya kwana, washegari a sake cikawa a duba agogo. In ruwan ya wuni bai ragu ba, sokawe a nan zai riƙa tumbatsa ne kawai.

Duk wannan ya wadatar a gane ko fili na da matsala. Amma da zarar an ce bene, ko makaranta, ko masallacin Juma'a, ko rukunin gidaje, to sai an kira injiniyan ƙasa mai rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN. Shi zai zo da injin haƙa, ya huda ramuka masu zurfin mita goma ko fiye gwargwadon nauyin ginin. A kowane mataki ana yin gwajin guduma: ƙarfe mai nauyin kilo 63.5 ake saki daga tsayin santimita 76 a kan bututun da ke gindin ramin, a bar santimita 15 na farko, a ƙirga bugu nawa ya ci kafin ya nutse santimita 30 na gaba. Bugu huɗu ko biyar a yashi na nufin ƙasa sako-sako ce, talatin zuwa sama kuwa ta daddaɓu. Samfurin da aka ciro ana naɗe shi don kada danshinsa ya fita, a kai ɗakin gwaji a auna girman ƙwayoyinsa, yawan ruwan da yake sha kafin ya zama taɓo, da yadda yake matsewa a ƙarƙashin nauyi. Ruwan ma ana gwada shi, domin wasu gishirin cikin ƙasa suna cin siminti, wasu kuma suna sa rodi tsatsa.

Rahoton da zai fito ya kamata ya faɗi abu huɗu a sarari: nauyin da ƙasar za ta ɗauka, zurfin da harsashi zai sauka, irin harsashin da ya dace, da inda ruwa yake tare da ranar da aka auna shi. A kula da kwanan watan nan. A kuma tabbata lambar filin da ke jikin rahoton taka ce, don akwai masu ɗauko rahoton wani wuri su canza bango su miƙa wa hukuma. Wannan ha'inci ne da rayukan mutane ke biyan kuɗinsa.

Abu na ƙarshe ya wuce iyakar filinka. Ƙasa tana iya yin kyau, amma wurin yana kan hanyar ruwa. Ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024, bayan fashewar madatsar Alau, ta shiga gidaje masu ƙarfin harsashi da marasa shi. A Gombe kuma kwazazzabai ne ke cin unguwanni daga gefe. Don haka a duba tsayin filin a kan titi da magudana, a nemi hasashen ambaliya da hukumar NIHSA ke fitarwa duk shekara, a tambayi inda ruwa ya tsaya a shekarar da ta fi kowace ruwa da mutanen wurin ke tunawa. Daɓen gida sai ya ɗara wannan alama, a shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashinsa kafin a zuba kankare. In kuwa alamar ta kai ƙirjin mutum, gara a nemi wani filin tun kuɗin bulo na hannu.