Namiji Da Zani: Kafin Ka Kira Shi Ɗan Daudu

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, duk lokacin da hoton Sarki Charles na Ingila ya fito yana sanye da tufar mutanen Sikotland da ake kira kilt, sai ka ji ana dariya: wai ga ƙato da siket. Wani ma har ya kawo hadisin la'antar namijin da ke kwaikwayon mata. Hadisin ingantacce ne, yana cikin Bukhari daga Ibn Abbas. Tambayata ita ce: nan ne wurinsa?

Kilt zanen ulu ne mai naɗe-naɗe ta baya, yakan ci yadi 8, yana tsayawa a gwiwa. Asalinsa tufar mazan tsaunukan arewacin Sikotland ce, da ita suke kiwo, da ita suke yaƙi. A 1746, bayan an murƙushe tawayensu a yaƙin Culloden, majalisar Birtaniya ta haramta musu ita, in ban da sojojin sarki. Wanda aka kama karon farko, wata 6 a kurkuku. In ya sake, a kore shi ƙetaren teku shekara 7. Sai a 1782 aka soke dokar, kuma a 1822 Sarki George na huɗu da kansa ya sa ta a birnin Edinbara. Kun ga ashe don a karya lagon mazaje aka hana ta.

To mu koma fiƙihu. Asali a sha'anin tufafi halacci ne. Shari'a ta sa iyakoki: a rufe al'aura, namiji ya guji alharini da zinari, kada a yi jan tufa don girman kai, kada jinsi ya kwaikwayi jinsi. Amma wace tufa ce ta maza, wacce ce ta mata? Malamai suka ce al'adar gari ce ke bambancewa, matuƙar ba ta saɓa wa nassi ba. Annabi (SAW) izari yake ɗaurawa, wato gyauton zani. Alhaji a Arfa da me yake tsaye? Mazan Yaman, Somaliya, Indunusiya da Bangaladash da zani suke zuwa masallaci har gobe. A Sikotland kowa ya san kilt ta maza ce, ango ma ita yake sawa ranar aurensa. Saboda haka hadisin bai hau kansu ba. A Kano kuwa, namijin da ya ɗaura atamfa irin ɗaurin mata, hukuncinsa daban, domin al'adar garin daban ce.

Inda gyara yake shi ne al'aura. A wajen jumhurin malamai, daga cibiya zuwa gwiwa ne. Kilt kan yaye cinya in an zauna, don haka Musulmin can da zai sa ta, sai ya sa dogon abin da zai rufe a ciki. Kuma akwai su: Humza Yousaf, wanda ya zama shugaban gwamnatin Sikotland a 2023, da kilt ya yi rantsuwar shiga majalisa a 2016.

Abin da ya fi damuna shi ne bakinmu. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabai. Mu ne fa muke jin zafi in Bature ya ga jallabiya ya ce rigar mata ce, ko ya ga rawani ya ce ɗan ta'adda. Yaya za mu yi wa wani abin da muke kuka da shi? A nan gida ma, dattijon Ibo ko Urhobo da ya ɗaura zani ranar biki, shigar girma ya yi a wurin mutanensa.

Ɗan uwa, kafin ka ɗora hadisi a kan mutum, ka san hadisin, ka kuma san al'adar mutumin. In ba ka sani ba, shiru ya fi.

Allah Ya tsare mana harsunanmu. Wallahu a'alam.