Giram Nawa, Milimol Nawa? Lissafin Gishiri a Asibiti

'Yan uwa ɗalibai, musamman na sashen kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje: da damina ta kankama, amai da gudawa kan yawaita a yankin Sabon Birni da Isa, kuma ba mu manta da kwalarar 2021 da ta shafi jihar Sakkwato ba. Asibitin koyarwa na Sakkwato da nisa, ga matsalar tsaro a hanya. Sau da yawa ma'aikacin ƙaramin asibiti ne ke tsaye a kan yaron da ruwan jikinsa ya ƙare. Takardar gwajin jini tana magana da milimol, ledar ƙarin ruwa da kashi cikin ɗari, ƙunshin ORS kuma da giram. Wanda bai iya mayar da wannan zuwa wancan ba, sai ya cutar garin neman taimako.

Gishiri daban, sodiyam daban

Gishiri haɗin sodiyam ne da kuloraid. Nauyin sodiyam 23, na kuloraid 35.5, jimla 58.5. Ƙa'idar ita ce: milimol = miligiram ÷ nauyi.

Giram 1 na gishiri: 1000 ÷ 58.5 = milimol 17 na sodiyam, wato kusan miligiram 393. Nan fa ake zamewa. Wanda ya raba 1000 da 23 zai samu 43, ya ninka amsar fiye da sau biyu, don ya ɗauki gishirin gaba ɗaya a matsayin sodiyam.

To, mEq fa?

mEq = milimol × yawan cajin sinadarin. Sodiyam da fotasiyam da kuloraid caji ɗaya gare su, don haka milimol da mEq duk ɗaya ne. Kalsiyam caji biyu gare shi, milimol 1 ya zama mEq 2.

Mu gwada

Ledar 0.9% na nufin giram 9 a lita. 9000 ÷ 58.5 = milimol 154. Sodiyam a jinin mai lafiya kuwa 135 zuwa 145 ne a lita.

ORS ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka amince da shi tun 2002 yana da gishiri giram 2.6 a lita. 2600 ÷ 58.5 = milimol 44. Amma a jikin ƙunshin an rubuta sodiyam 75. Ina sauran? Suna cikin sitiret giram 2.9, kusan milimol 10, kuma kowane ɗaya na ɗauke da sodiyam uku, 30 ke nan. Kun ga an kusa cike 75. Ashe ba gishiri kaɗai ke kawo sodiyam ba.

Duk wannan lissafi a kan lita ɗaya ne. Uwa ta dama ƙunshin lita a rabin lita, sodiyam ya koma 150, abin da zai iya ƙara wa yaro gudawa da ƙishirwa. Shi ya sa nuna mata ma'aunin ruwa ya fi dogon bayani.

Aikin gida

Milimol nawa ne a litar ledar 3%? Fotasiyam nawa ne a gishirin fotasiyam giram 1.5 na cikin ORS, mai nauyi 74.5? Amsa: 513 da 20. Ita dai 3% likita ne kawai ke rubuta ta, don ɗaga sodiyam da sauri na iya lalata ƙwaƙwalwa.

Kafin ku taɓa na'urar lissafi, ku tambayi kanku: gishiri ake nufi ko sodiyam, kuma a ruwa nawa?