Idan Gejin Mai Ya Fara Yi Maka Ƙarya a Daji

A cikin gari, lalacewar gejin mai ƙaramin abu ne: mota ta tsaya, a tura yaro gidan mai da galan. Amma ga mai Hilux ko Land Cruiser da ke keta rairayi daga Agadas zuwa Dirku, ko mai kai kaya ƙauyukan da kwalta ba ta isa ba, allurar da ke nuna rabi alhali tanki ya kusa bushewa tana iya kwanar da mutum a dokar daji. In motar dizal ce abin ya fi muni, domin da mai ya ƙare iska za ta shiga layi, sai an fitar da ita kafin inji ya sake tashi. Abin da na fi gani shi ne, da geji ya fara wasa sai mai mota ya ruga kasuwa ya sayo sabo, a ɗaura, matsala kuma tana nan daram. Malam direba, kafin ka kashe ko kwabo, fara gano daga inda ƙaryar take fitowa.

Abubuwa uku ne ke haɗuwa su ba ka labarin mai. Na farko yana cikin tanki: wata 'yar ƙwallo ce marar nauyi da ke iyo a saman mai, tana maƙale da siririn hannu na ƙarfe. In mai ya yi sama ko ƙasa, hannun yana goga wani ɗan faranti mai rage ƙarfin lantarki ko ƙara shi. Na biyu wayoyi ne, wadda ta tashi daga tanki zuwa gaban mota da wadda aka ɗaure a jikin ƙarfen mota. Na uku shi ne gejin da kake kallo. A motar daji, na farko da na biyu su suka fi shan wahala, saboda gargada da laka da ruwa duk a kansu suke ƙarewa.

Fara da lura da halin allurar, domin kowace cuta da alamarta. Idan tana tsalle duk lokacin da ka faɗa rami, akwai wayar da ta saki ko soket ɗin da tsatsa ta ci. Idan tana aiki daidai har ta zo wani wuri, sai ta tsaya ko ta faɗi gaba ɗaya, farantin nan ne ya cinye a daidai wurin, kuma galibi wurin shi ne inda ka saba barin manka. Idan ka cika tanki fal amma ba ta kai sama, wataƙila ƙwallon ta huje ta sha mai ta yi nauyi, ko hannun ya lanƙwashe. Idan kuwa mai yana ƙare maka allura na nuna kwata, sunkuya ka leƙa ƙarƙashin mota. Dutse ɗaya ya isa ya loɓa gindin tanki ya turo shi sama, ƙwallon ta zauna a kan loɓawar ta kasa sauka ƙasa. A tsofaffin motoci, in gejin mai da na zafin inji suka rikice tare, laifin yana bayan gejin, wurin ɗan abin da ke daidaita musu wuta. Motsin allura a kan tudu ko gangara kuwa ba cuta ba ne, mai ne ya karkata gefe guda. A fili mai shimfiɗa ake karanta geji.

Daga nan sai gwaji, kuma da mai arha ake farawa. Duba fiyus. Cire soket ɗin da ke saman tanki, ka wanke lakar, ka kankare koren tsatsar da ke bakin ƙarafunan. Kwance wayar da ke jikin ƙarfen mota, ka goge wurin har ya yi ƙyalli, ka ɗaure tam. Sau da yawa a nan maganar take ƙarewa.

In ba ta ƙare ba, a raba gardama tsakanin tanki da geji. A kunna makulli ba tare da an ta da inji ba, a cire soket ɗin tanki. A tsofaffin motocin Toyota allura za ta sauka ƙasa. Sai mai gyaran wayoyi ya haɗa wayar gejin da jikin mota ta cikin ƙaramin ƙwan gwaji na ɗan lokaci kaɗan. In allura ta tashi, geji da waya lafiyarsu lau, matsalar tana cikin tanki. In ko motsi ba ta yi ba, a bi wayar taku-taku har gaba. A sababbin motoci saƙon yana bi ta kwamfuta ne, don haka kada a yi musu wannan haɗin, a sa na'urar bincike ta karanta.

Idan ta tabbata sai an buɗe tanki, a yi hattara. A bari mai ya yi ƙasa, a cire kan batir, a yi aikin a sarari, ba sigari, ba wuta kusa, domin tururin fetur ya fi fetur ɗin kansa saurin kamawa. Da an ciro na'urar da ke cikin tankin, a girgiza ƙwallon kusa da kunne. In an ji motsin ruwa a ciki, ta huje. Sai a sa mitar auna lantarki, a ɗaga hannun a hankali daga ƙasa zuwa sama. A yawancin tsofaffin Land Cruiser da Hilux, mita za ta nuna kusan om 110 a ƙasa, ta riƙa raguwa sannu a hankali zuwa kusan om 3 a sama. In lambar ta yi tsalle ko ta ɓace a tsakiya, farantin ya mutu, sai sabo.

Wurin saye ma akwai tarko. Ba duka na'urori ne suke magana da yare ɗaya ba. Ta motocin GM na Amurka da yawa tana tashi daga om 0 in tanki ba komai zuwa 90 in ya cika, wato akasin ta Toyota. Ka ɗaura irinta a Hilux, sai allura ta nuna cike ranar da ba ka da ko ɗigo. Haka wanda ya sauya tanki da babba don doguwar tafiya ya mayar da tsohuwar na'ura, tsawon hannunta ba zai dace da zurfin sabon tankin ba. Je kasuwa da tsohuwar a hannunka, kuma a sa sabuwar robar baki wurin mayarwa don kada mai ya riƙa tsiyaya.

Kafin a gama gyara, koma ga lissafi. Cika tanki, mayar da ma'aunin kilomita sifili. A ce tankinka lita 80 ne, motar kuma tana shan lita 10 a kilomita 100. A kan takarda kana da kilomita 800. Amma yashi da laka da giyar ƙarfi suna shan mai fiye da kwalta nesa ba kusa ba, don haka rage lissafin sosai, ka kuma ɗauki jarka cike. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk allurar da ta taɓa yi maka ƙarya sau ɗaya, a gyara ta a gida tukuna, sannan ka kama hanyar daji.