Yoyo da Tsatsa a Tsohuwar 504: A Tare Ruwan Kafin a Taɓa Fenti

Wani mai karatu daga Zariya ya aiko da tambaya kan Peugeot 504 da ya gada daga mahaifinsa. Ya ce duk ranar da aka yi ruwa sai ya tarar kafet ɗin gaba ya jiƙe, cikin motar yana warin danshi, fentin ƙasan ƙofofi kuma ya fara kumbura. Mai gyaran jikin mota ya ce ya kawo a cike da fila a fesa sabon fenti. Ya kai ko kada ya kai?

Malam, dakata tukuna. Idan aka fesa fenti ruwa na ci gaba da shiga, damina mai zuwa kumburin zai dawo a daidai inda yake, kuɗinka kuma ya tafi.

Wannan mota ta fito a Faransa a 1968, masana'antar PAN ta Kaduna da ta fara aiki a 1975 kuma ta daɗe tana harhaɗa ta. Inji da giya ba su cika kayar da ita ba, jiki ne ke kayar da ita. Dalili kuwa, ba a ɗora ta a kan wani ƙarfen shasi na daban ba. Daɓen motar da dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi su ne ke ɗauke da nauyinta. Tsatsa a nan ta wuce maganar kwalliya.

Mu a Arewa ba gishirin da ake zubawa a titunan Turai ne ke cin motocinmu ba. Ƙurar hunturu ce. Takan shige kowane lungu ta kwanta, ganyen darbejiya ya hau kai, ruwan farko ya mayar da su laka. Lakar nan ta toshe ramukan da aka yi don ruwa ya fita, ta kuma riƙe danshi a jikin ƙarfe har Agusta ya wuce. Ƙarfe, ruwa da iska in sun daɗe tare, tsatsa ce sakamako.

Saboda haka aikin farko neman hanyar ruwan ne. Cire kafet gaba ɗaya, har da auduga mai kauri da ke ƙarƙashinsa, don ita ke shanye ruwa ta ɓoye alhali sama ya bushe. Shanya su a rana. Sannan ka shiga ciki da tocila, wani ya tsaya a waje da tiyo yana zuba ruwa a hankali. Ya fara daga ƙasa, ya daɗe a kowane wuri kafin ya matsa sama. In ya fara daga rufi, ko'ina zai jiƙe, ba za ka gane komai ba. Barbaɗa hoda a inda kake zargi, sawun ruwan zai fito a kai. Inda ruwa ya taru sau da yawa ba nan ya shigo ba.

Wurin da na fi zargi shi ne ramin iska da ke gindin gilashin gaba, kusa da waifa. Magudanarsa in ta toshe, ruwa ya cika ya gangaro ta bayan dasbod zuwa ƙafar direba. Sai robar gilashin gaba da ta baya, wadda zafin rana ya busar ta tsage, musamman a kusurwoyin ƙasa. Ƙofa kuwa dama ruwa na shiga cikinta ta gefen gilashi, an yi mata ƙananan ramuka a ƙasa don ya fita. Zura waya ka buɗe su. Duba kuma ledar da ke bayan kwalin ƙofa, wadda masu gyaran gilashi kan yage su yar. A but, duba robar murfi, bayan fitilu da kwarin da ke gefe biyu.

Robar da ta mutu canza ta ake yi. Kada ka yarda a lafta mata silikon irin na banɗaki. Mai warin tsami ɗin nan yana fitar da asid lokacin bushewa, yana cin ƙarfe, fenti kuma ba ya kama shi. A nemi gam ɗin da aka yi don gilashin mota. In an cire gilashin, a gyara bakin ƙarfen da robar ke zama a kai kafin a mayar, don nan tsatsa ke ɓuya.

Sai ruwa ya daina shiga za a koma kan tsatsar. Wadda take sama-sama, a goge da samfefa har farin ƙarfe ya fito, a shafa maganin tsatsa mai asid ɗin fosforik, a bi da firama, sannan fenti. A wuraren da ka ga kumburi, danna da sukurdireba. In ya huda, magani ɗaya ne: a yanke ruɓaɓɓen har inda ƙarfe ke da lafiya, a yi waldar sabon falle. Fila an yi ta ne don daidaita ɗan lanƙwasa. Wanda ya cike rami da ita kamar wanda ya yaɓe ginin da gara ta cinye ne. Tana shan danshi ta baya, ta tsage ta faɗo. Maganaɗisu zai nuna maka inda aka taɓa yi wa motar haka, domin ba ya kama wurin da fila ta yi kauri.

Kafin walda a cire kan batir, a kwashe kujeru da wayoyin da ke kusa, a kiyayi tankin mai da bututunsa. Bayan walda a fenta ciki da waje, a fesa kakin hana tsatsa cikin ƙofofi da ƙarafan ƙasa. Baƙin man da wasu ke fesawa a ƙarƙashin mota yana lalata roba, ƙura kuma na manne masa. Rufe jiƙaƙƙiyar mota da tamfol ma ɓarna ce, rumfa mai iska ta fi.

Abu ɗaya ne ba zan sassauta a kai ba. In tsatsa ta huda inda ake kafa jak, ko saman inda shakazoban gaba ke ɗaure, ko inda bel ɗin kujera ya kama, kada ka ɗauki iyali a motar nan sai an yi walda. Fenti zai iya jira har rani.