MUTUM NAWA NA'URAR RABON INTANET ZA TA IYA ƊAUKA?

Gabatarwa

A makarantu da ofisoshi da shagunan kwamfuta a ko'ina cikin ƙasar nan akan ga wata 'yar na'ura a manne jikin bango, wadda ta ke raba intanet ga wayoyi da kwamfutoci ta iska. Ita ce jama'a ke kira Wi-Fi. Sau da yawa akan kashe kuɗi a kafa ta, sa'an nan a wayi gari ɗalibi ya kasa cika takardar jarrabawa, mai shago kuma ya rasa masu ciniki, domin an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. An shirya wannan darasi ne domin mai karatu ya san yadda a ke lissafin kafin ya sayi na'ura ko ya biya kuɗin haya.

Darasi daga Jos

Jami'ar Jos, wadda aka kafa a 1975, tana cikin jami'o'in ƙasar nan da suka fara haɗa kwamfutocinsu wuri guda. A 1998 zuwa 1999 wani masani daga Jami'ar Iowa ta Amurka, Cliff Missen, ya yi aiki a can, ya ga yadda mutane masu yawa ke cunkushe a kan siririyar hanya ɗaya mai fita waje. Wannan ne ya haifar da shirin WiderNet a 2000, daga baya kuma aka yi rumbun eGranary, watau a tara littattafai da shafuka cikin ma'ajiya ɗaya a harabar makaranta, kowa ya karanta ba tare da ya taɓa hanyar waje ba. Abin lura a nan shi ne, ƙofofi biyu ne a ke cunkoso a kansu: ta iska, da ta hanyar waje.

Ƙofa ta farko: iska

Bisa ƙa'idar da aka fitar a 1997, na'ura ɗaya tana iya ba wa masu shiga lamba har 2,007. Amma wannan a takarda ne kawai. Dalili kuwa, na'urar tamkar zauren mai unguwa ta ke: a tasha guda, ɗaya ne ke magana, saura su saurara har ya gama. In aka yi karo, sai kowa ya dakata ya sake. Wanda ya ke nesa, ko mai tsohuwar waya, a hankali ya ke magana, domin haka ya kan cinye lokacin kowa.

Ƙarfin na'urorin ya ƙaru da shekaru: megabit 2 a daƙiƙa a 1997, 11 a 1999, 54 a 2003, na yanzu kuwa ɗaruruwa. Duk da haka, abin da ke isa hannun mai aiki ya kan gaza wanda aka rubuta a kwali nesa ba kusa ba. Shi ya sa ma'aikatan wannan fanni su kan ƙiyasta mutum 20 zuwa 30 masu aiki lokaci guda ga matsakaiciyar na'ura.

Bugu da ƙari, a zangon gigahaz 2.4 tashoshi uku ne kawai ba sa shiga juna, watau 1 da 6 da 11. A wuri mai cunkoso kamar Terminus, na'urar maƙwabci ma tana cin rabonka. Zangon gigahaz 5 ya fi yawan tashoshi, sai dai bai kai na farko ratsa bango ba.

Ƙofa ta biyu: hanyar waje

Komai kyan famfo, ba ya ba da ruwan da ya wuce na bututun da ya kawo shi. Alal misali, a ce makaranta ta yi hayar megabit 20. In kowane mai kallon hoto mai motsi yana bukatar megabit 2, mutum 10 sun cika ta ke nan. Amma in a cikin kowane mutum biyar da aka rubuta ɗaya ne ke aiki a lokaci guda, ana iya rubuta 50. Ranar da duka 50 suka taru, kamar ranar rufe rajista, kowa zai sami ƙasa da rabin megabit. Tilas ne fa a yi lissafi da ranar cunkoso.

Yanayin wuri

Jos tana kan tudu, sama da mita 1,200 daga teku, ga duwatsu irin na Shere. Dutse ya kan tare saƙo tsakanin gini da gini, haka ma bangon siminti da rufin kwano. Tsawar damina kuma tana ƙone na'urar da aka ɗora bisa dogon ƙarfe ba tare da maganin tsawa ba.

Abin da ya kamata a yi

1. A ƙirga wayoyi da kwamfutoci, domin mutum ɗaya ya kan zo da biyu.
2. A kafa na'ura a sama, a tsakiyar masu aiki.
3. In jama'a sun yi yawa, a ƙara na'ura, kowace da tasharta, a haɗa su da waya.
4. A ƙayyade wa kowa rabonsa, a kuma sa kalmar sirri.
5. Kafin a biya, a tambayi mai sayarwa: da mutum nawa za a raba wannan hanya? A nemi amsa a rubuce.

Wanda bai sami abin da ya biya ba, sai ya fara kai kuka ga kamfanin da ya sayar masa. In ba a share masa hawaye ba, ya tuntuɓi Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, wadda aka kafa a 1992, a lamba 622, kyauta ne. Muna roƙon wanda ya karanta wannan ya bayyana wa wanda bai karanta ba.