Amsoshin Tambayoyinku: Yawon Buɗe Ido a Norwe

Wani mai sauraro daga Damagaram ya tambayi yadda zai tsara hutu a Norwe, ƙasar da teku ke kutsawa tsakanin duwatsu ta hanyoyin da ƙanƙara ta sassaƙa tun zamanin da.

To, sai ya nemi bizar Schengen, ya kuma tanadi guzuri mai kauri, domin Norwe akwai tsada. Yuni zuwa Agusta ne lokacin da ya fi dacewa.

Hanya mafi daɗi ita ce jirgin ƙasa daga Oslo zuwa Bergen, tafiyar kusan awa 7. Idan ya sauka a Myrdal, wani jirgin zai gangara da shi kilomita 20 zuwa Flåm, a bakin wani reshe na Sognefjord, mashigin da ya zarce kilomita 200 a tsayi. Daga nan sai jirgin ruwa zuwa Nærøyfjord, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2005. Wannan wurin kam bai kamata ya wuce shi ba.

Ya riƙe rigar ruwa, domin Bergen garin ruwan sama ne. Idan zai kai Tromsø a watan Yuni, inda rana ba ta faɗuwa, ya tuntuɓi masallacin garin kan lokutan salla.